Mako guda a Kano: ina za a ratsa, ina za a bari?

Kowace shekara, da zarar an rufe lakwal ko kuwa an kai amfanin gona rumbu, akan ga ma'aikata da ƴan kasuwa da magidanta na gundumar Gure suna ɗaura niyyar zuwa hutu ƙasar waje. Ga mafi yawansu ƙasar wajen nan ita ce Najeriya, birnin kuwa Kano, domin can ne dangi suke, can ne kasuwa take, kuma Hausar da ake yi a tashar Gure ita ce za a ji a Fagge. Mutum yakan yi shekara yana tara guzuri, ya samu mako guda, sa'an nan da ya sauka masauki sai mashawarta su kewaye shi. Wannan ya ce kada ya koma gida bai ga Katsina ba, wancan ya ce Zariya, wani ya ce ai wanda bai je Yankari ba bai ga kome ba. In ya biye wa kowa, sai kwana bakwai su ƙare a cikin mota, kuɗi su ƙare a tasha, ya komo Gure da gajiya, bai san Kano ba, bai san garuruwan da ya ratsa ba.

Saboda haka yau za mu duba yadda matafiyi zai zaɓi ratsensa, watau ƴan gajerun tafiye-tafiyen da zai haɗa da zamansa na birni. Shawararmu a taƙaice ita ce ratse biyu sun isa mako guda: ɗaya a kan hanyar zuwa ko ta komowa, ɗaya daga cikin birnin a tsakiyar mako. Abin da ya wuce haka, daga Kano ake yankar shi.

A FARA DA LISSAFIN KWANAKI

Daga Gure zuwa Damagaram, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta bi ta Gidimuni da Mirya, akwai fiye da kilomita 160. Daga Damagaram zuwa Kano akwai kimanin kilomita 240. Jimla wajen kilomita 400 ke nan, ga tsayawar iyaka, ga shingayen bincike, ga jiran mota ta cika. Saurayi shi kaɗai yana iya yin ta rana guda in ya yi sammako. Magidanci da ke tafe da iyali, ko da tsoho, gara ya kwana a Damagaram ya tashi da asuba. Ke nan mai son kwana bakwai cikakku a Kano sai ya ware kwana tara zuwa goma sha ɗaya daga hutunsa.

Su kansu kwana bakwai ɗin ba duka ne nasa ba. Ranar farko ta hutawa ce da gaishe-gaishe, domin baƙon da ya sauka gidan dangi ba ya fita yawo kafin ya gaida na gaba da shi. Ranar ƙarshe ta ɗaure kaya ce da sallama. Juma'a rabinta ta masallaci ce, kuma ma'aikatu ba su cika aiki bayan azahar ba. In an cire waɗannan, abin da ya rage kwana huɗu ne da rabi. Wanda ya ba Katsina rana guda, ya ba Zariya rana guda, ya ba wani wuri ta uku, ya bar wa Kano kwana ɗaya da rabi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

ABIN DA BIRNIN KANSA KE BUKATA

Kafin a yi zancen fita, ya kamata mu san abin da za a bari a baya. Dutsen Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna, hawansa da yamma yakan nuna wa baƙo faɗin tsohon birni gaba ɗaya. Ganuwar da littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ta zube a wurare da yawa, amma ƙofofinta suna nan da sunayensu. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya bar wa birnin fadar da ake kira Gidan Rumfa da kuma Kasuwar Kurmi. Kusa da fadar ga Gidan Makama, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi. Ga marinar Ƙofar Mata, inda har yanzu ake rini da baba a cikin rijiyoyin rini. Ga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Bature Hans Bisha wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ban da wannan ga Kantin Kwari na yadi da atamfa, da Sabon Gari, da kasuwar hatsi ta Dawanau a bakin hanyar Katsina.

Mutumin Gure yana da wani dalili na musamman na tsayawa a cikin tsohon birni. Shekaru aru-aru kanwa da gishirin ƙasar Manga suna shiga Kano a bayan raƙuma da takarkarai. Sunayen unguwanni irin su Zangon Barebari da Agadasawa suna tuna wa kowa cewa fataken gabas da na arewa sun sauka a nan, wasu har suka zauna. Wanda ya bi lungunan Kurmi a tsanake zai ga kanwa a tallar mata, ya tambayi daga ina ta zo, wataƙila ya ji sunan ƙauyen da ya sani. Irin wannan gani ba ya samuwa da gaggawa. Kwana uku ne mafi ƙanƙantar abin da birnin ke bukata.

TAMBAYOYI HUƊU KAFIN A ZAƁA

Tambaya ta farko: shin za a iya zuwa a komo kafin magariba? Duk wurin da ya wuce kilomita 170 daga Kano ya fita daga ratse ya zama tafiya mai zaman kanta, mai bukatar wurin kwana da guzuri na dabam. Tafiyar dare a ƙasar da ba taka ba ganganci ne, kome kyan hanya.

Ta biyu: shin abin da za a gani babu shi a gida? Mutanen Turai sukan biya kuɗi su ga raƙuma da tuddan rairayi da itacen dabino. Mu da muka fito daga Muniyo, inda kwarin dabino da tafkunan kanwa suke bayan gari, ba mu da bukatar kashe rana a kan wannan.

Ta uku: shin wurin zai ƙara wa mutum fahimtar Kano, ko kuwa ta ƙasarsa? Ratse mai kyau shi ne wanda in an komo daga gare shi sai a ga birnin da sabon ido.

Ta huɗu: su wa ke cikin tafiyar? Abin da zai gamsar da malamin lakwal ba lalle ne ya gamsar da yaro ɗan shekara takwas ba, kuma tsohuwa ba za ta ji daɗin sa'a shida cikin mota ba, ko da Aljannar duniya za a kai ta.

Yanzu mu auna wuraren da aka fi ambata da wannan mudu.

DAURA, RATSEN DA BA YA CIN KWANA

Daga Damagaram hanyoyi biyu ne suka fi shahara zuwa Kano. Ɗaya ta bi ta Magarya ta tsallaka iyaka ta nufi Ɓaɓura. Ɗaya kuwa ta bi ta Matamaye, ta tsallaka a Ɗan Barto zuwa Kwangwalam, ta shiga Daura, ta wuce Kazaure da Ɗambatta. Wanda ya zaɓi ta biyun ya samu Daura kyauta, domin ba zai ƙara ko kilomita guda a kan tafiyarsa ba. Sa'a biyu ko uku sun ishe shi, kuma saura kimanin kilomita 130 ya isa Kano.

A Daura ne rijiyar Kusugu take. Labarin da aka gada ya ce macijiya ce ta hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajida ya zo da dare ya kashe ta, ya auri sarauniya Daurama. Daga zuriyarsa aka ce an samu Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Masana tarihi suna da ja a kan ko haka abin ya faru, amma babu mai musun cewa da wannan labari ƙasashen Hausa suka daɗe suna bayyana zumuncin da ke tsakaninsu. An gina ɗaki a kan rijiyar, baƙo yana iya leƙawa ya kuma sha ruwanta. Tsohuwar fadar da ake kira Kangiwa tana kusa. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: bayan jihadin farkon ƙarni na 19, tsohon gidan sarautar Daura ya koma zama a Zango da Baure, ya daɗe a inuwar sarakunan Damagaram, har Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura a 1906. Mai zuwa a watan Maulidi yana iya tarar da Sallar Gani, wadda Daura ta yi suna da ita.

Ga mai tafiya da yara, wannan shi ne ratsen farko da ya kamata. Yaron da ya karanta labarin Bayajida a lakwal, in ya ga rijiyar da idonsa ba zai manta ba. Gani ya kori ji. Ya fi kyau a tsaya a Daura a kan hanyar zuwa, tun ba a yi nauyi da kayan tsaraba ba.

TIGA DA KURA, GA MANOMI DA MA'AIKACIN GONA

Kimanin kilomita 70 kudu da Kano akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Bangonta ya kai tsawon wajen kilomita 6, kuma an tsara ta domin ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Daga gare ta ake sako ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da tumatir da alkama da albasa. Mai zuwa tsakanin Disamba da Maris zai ga fili kore shar a lokacin da ƙasarmu ta bushe ƙamas.

Abin da ya sa muka fifita wannan ratse ga mutumin gabashin Nijar shi ne ruwan nan bai tsaya a Kano ba. Kogin Kano yana haɗuwa da na Chalawa su zama kogin Haɗeja, wanda ke malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan ya zama Komadugu Yobe, kogin da ya raba Nijar da Najeriya a jihar Difa kafin ya faɗa tafkin Cadi. Tun da aka gina Tiga, aka kuma ƙara madatsar Chalawa a 1992, ambaliyar da fadamun ƙasa suka saba samu ta ragu, kuma masunta da makiyaya da manoman can sun ji a jikinsu. Ma'aikacin gona ko na ruwa da ya tsaya a bakin Tiga, tsaye yake a ɗaya daga cikin wuraren da ake yanke wa manomin tattasai na Difa rabonsa na ruwa. Wannan darasi ne da babu takardar ofis da za ta koyar da shi kamar yadda ido zai koyar.

A kan hanyar komowa a tsaya Kura, wadda ke kan hanyar Zariya, kilomita talatin da ƴan kai daga birni. Marinan Kura sun daɗe da shahara da turkuɗi mai sheƙi, irin wanda Buzaye ke naɗawa, har ana kiran yadin da sunan garin. Rano, ɗaya daga Hausa Bakwai, ita ma ba ta da nisa da madatsar. Zuwa da komowa duka ba su kai kilomita 150 ba, saboda haka wanda ya fita da hantsi zai yi sallar la'asar a Kano. Sai dai kada a zarce kudu da Tiga zuwa dajin Falgore ba tare da an tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki ba.

ZARIYA, GA WANDA YA KOYI KARATU DA GIRMANSA

Zariya tana kimanin kilomita 150 kudu da Kano, a kan tagwayen hanya. Rana guda cur za ta ci, amma akwai masu karatunmu da ya kamata su ba ta wannan rana. A nan ne aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, shi ne kuma marubucin Magana Jari Ce. A nan ne kamfanin Gaskiya ya buga ɗimbin littattafan yaƙi da jahilci da aka koyar da manya da su a arewacin Najeriya cikin shekarun 1950. Duk wanda ya zauna a ajin dare ya koyi haɗa baƙi da wasali yana da gemu, yana da alaƙa da garin nan ko bai sani ba. A Samaru kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da cibiyarta ta binciken aikin gona.

Cikin tsohon birnin Zazzau akwai fadar sarki mai ƙofa mai zane, da babban masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Masana gine-gine na duniya sun yi rubutu da yawa a kan bakunan rufinsa. Amma a watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, aka yi hasarar rayuka, aka kuma ɗauki aniyar sake gina shi. Wanda zai je domin ganin aikin Babban Gwani, sai ya fara tambaya abin da zai tarar.

Tsakanin Tiga da Zariya ɗaya za a ɗauka. Manomi da mai iyali su ɗauki Tiga. Malami, da mai son littattafai, da uban da ke tunanin inda ɗansa zai ci gaba da karatu, su ɗauki Zariya.

KATSINA, A BAR TA WATA SHEKARA

Babu mai raina Katsina. Hasumiyar Gobarau, mai tsayin kimanin mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Kabarburan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suna tuna zamanin da ɗalibai ke zuwa birnin daga nesa. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, an mayar da ita gidan tarihi. Kuma daga Katsina ne tsohon gidan sarauta ya fito bayan jihadi, Ɗan Kasawa ya yi zama a ƙasar Damagaram kafin ya kafu a Maraɗi.

Duk da haka, lissafi bai ba ta ba. Daga Kano wajen kilomita 170 ne, watau 340 zuwa da komowa, kuma baƙo zai iso da azahar ya fara duban agogo. Ban da nisa, ƙananan hukumomin yammacin jihar, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara, sun yi shekaru suna fama da ƴan bindiga; a Ƙanƙara ne aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020. Birnin Katsina dabam, waɗannan yankuna dabam, amma baƙon da bai san hanya ba bai kamata ya bari dare ya same shi a can ba. Wanda ransa ya kafe a kan Katsina, ya haɗa ta da Daura a kan hanyar komowa gida, ya kwana a cikinta, ya ƙara kwana guda a kan hutunsa. An ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgin ya fara ɗaukar fasinja, wannan lissafi zai sake.

WAƊANDA ZA A ƘI, DA WAƊANDA ZA A ƊAUKA DON SANA'A

Gandun namun daji na Yankari a jihar Bauci yana da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, kuma ya cancanci sunan da ya yi. Amma daga Kano zuwa can ya kusa kilomita 400, daidai da nisan Gure da Kano. Wannan hutu ne na dabam. Nguru, inda hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta tsaya a 1930, da Macina, sun fi kusa da Gure fiye da yadda suke da Kano. Babu dalilin cire musu rana daga makon birni.

Kasuwannin dabbobi kuwa magana biyu ce. Maigatari, a bakin iyaka, tana ci ranar Alhamis. Wudil, kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri, tana ci ranar Juma'a. Ma'aikacin ofis da ya taso yana ganin garke ba zai ga sabon abu ba. Amma makiyayi ko dillali da ke sayar da shanunsa a kasuwannin Gure, ya kamata ya je sau ɗaya ya ga inda dabbarsa ke ƙarewa, da farashin da take kaiwa bayan ta bar hannunsa. Ga irin wannan mutum, rabin rana a Wudil ta fi masa Zariya amfani.

Mai son ganin hawan Sallah ma ya yi hattara. Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, amma tun daga Babbar Sallar 2024 an sha soke shi saboda rikicin sarauta. Kada a gina tafiya gaba ɗaya a kansa sai an ji tabbaci.

TAKARDU, KUƊI DA IYAKA

Abubuwa sun sauya a ƴan shekarun nan, kuma matafiyi ya san su. Bayan 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a sake buɗe ta ba sai Maris 2024, kuma mutane da yawa sun maƙale a ɓangaren da ba nasu ba. Ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, a ranar da aka fito da fasfon ƙawancen AES. A lokacin CEDEAO ta ba da sanarwar cewa ƴan Nijar da Mali da Burkina Faso za su ci gaba da shiga ƙasashenta ba tare da biza ba har sai an yi wani sabon shiri. Tun da sharaɗi ne mai iya sauyawa, a tambayi ƴan sanda ko ofishin gunduma kafin a tashi.

A riƙe katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo wanda kwanansa bai ƙare ba, da katin rigakafin shawara, da takardun haihuwar yara. Ma'aikacin gwamnati ya riƙe takardar hutunsa, ya kuma tambayi shugabansa ko akwai izinin fita ƙasa da ake bukata. Waɗannan takardu ba a barin su a masauki ranar ratse, domin shingen bincike a kan hanyar Zariya ko Tiga ba ya jin cewa an manta. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano. A san inda yake tun ranar farko.

Game da kuɗi, sefa tana ɗaure da yuro, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta kasuwa ke yanka mata daraja, shi ya sa canjin yau ba lalle ya zama na gobe ba. A canza kaɗan a bakin iyaka domin mota da abinci, sauran a canza a hankali a Kano, inda ƴan canji suka fi yawa a Wapa cikin Fagge. A kasa guzuri kashi huɗu: na mota zuwa da komowa, na ci da masauki, na tsaraba, da na ratse. Kuɗin komowa a ajiye shi da sefa, a ɗaure, kada a taɓa shi ko da an ga atamfar da ba a taɓa gani ba. In kason ratse ya ƙare a Daura da Tiga, to ratse ya ƙare.

MISALIN MAKO GUDA

Mu ɗauki malamin lakwal daga Gure, da maiɗakinsa da ƴaƴa biyu. Su tashi Asabar su kwana a Damagaram. Lahadi da asuba su bi ta Matamaye, su tsaya Daura da hantsi, su shiga Kano kafin magariba. Litinin hutawa da gaida dangi, da yamma su hau Dala. Talata Gidan Makama da ƙofar fada da Kurmi. Laraba Tiga da Kura. Alhamis marinar Ƙofar Mata da Gidan Ɗan Hausa, yara kuma a kai su gidan namun daji na Audu Baƙo. Juma'a masallaci da ziyarar ƴan uwa. Asabar Kantin Kwari da sayen tsaraba. Lahadi ɗaure kaya da sallama. Litinin su kama hanya, in sun so ta Ɓaɓura da Magarya, domin su ga abin da ba su gani ba a zuwa.

A lura da inda aka sa ratsen: tsakiyar mako. In mota ta lalace, ko ruwan sama ya tsare su, akwai sauran kwanaki na gyara. An kuma sa sayayya bayan ratse, domin a san abin da ya rage a aljihu kafin a shiga kasuwa.

Garinmu ma ya taɓa zama ratsen wani matafiyi. A Disambar 1852 Bajamushe Hainirik Bart, wanda ake kira Abdulkarimu, yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya bi ta ƙasar Muniyo ya sauka Gure, ya gana da Muniyoma Koso, ya rubuta abin da ya gani na garin da duwatsunsa da lambunansa. Ya tsaya, ya duba, ya yi tambaya, shi ya sa har yau masu neman tarihin Muniyo ke komawa ga abin da ya rubuta. Mai zuwa Kano daga Gure ya yi koyi da wannan: wuri biyu da ya tsaya ya fahimta za su ishe shi ba da labari a majalisa har shekara ta zagayo, sauran kuwa suna nan suna jiran hutu mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya komo da kowa gida lafiya.